Rubutun da Hayaƙi Ya Bari a Huhun Matan Xuanwei

A arewa maso gabashin lardin Yunnan na ƙasar Sin akwai wata gunduma mai suna Xuanwei. Ƙasar tuddai ce mai tsananin sanyi, mutanenta manoma ne, kuma Allah ya ajiye musu kwal a ƙarƙashin gonakinsu. Ba gawayin itace nake nufi ba, baƙin dutsen nan ne da ake haƙowa, irin na Inugu. Kwal ɗin iri biyu ne. Akwai mai hayaƙi, wanda ke kamawa da sauri ya yi harshe, akwai kuma marar hayaƙi, mai ci a hankali. Kowane ƙauye da abin da ramin da ke kusa da shi yake bayarwa yake girki, babu wanda ya zauna ya zaɓa.

A da, tun kaka da kakanni, murhunsu rami ne a tsakiyar ɗakin zama, ba bututu, ba wata kafa da aka tanada domin hayaƙi. A kansa ake dafa abincin mutane da na dabbobi, a bakinsa ake jin ɗumi, saboda haka wutar takan daɗe tana ci. Maza su tafi gona ko ramin haƙa, mata da yara su wuni a ciki. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya ga kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a rufin madafa ya san irin ɗakin da ake magana.

Tsakanin 1973 da 1975 gwamnatin Sin ta yi wani gagarumin bincike a kan abin da ke kashe mutane a faɗin ƙasar, aka zana taswirar ciwon daji gunduma-gunduma. Xuanwei ta fito fili. Mace-macen sankarar huhu a can na cikin mafi yawa a ƙasar, kuma abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne matan. A mafi yawan sassan duniya a wancan zamani, sankarar huhu galibi cutar maza ce masu shan taba. A Xuanwei kuwa mata suna mutuwa da ita kafaɗa da kafaɗa da maza, alhali matan da ke shan taba a gundumar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

A 1987 mujallar Science ta buga sakamakon wani aikin haɗin gwiwa tsakanin masanan Sin, cikinsu da He Xingzhou, da na hukumar kare muhalli ta Amurka, cikinsu da Judy Mumford. Sun nuna cewa cutar ba ta bin taba, makamashin girki take bi. Yankunan da ke ƙona kwal mai hayaƙi su ne ta fi yi wa ɓarna, masu ƙona itace ko kwal marar hayaƙi kuwa abin da sauƙi a wurinsu. Da aka auna iskar ɗakunan a lokacin girki, sai aka tarar da benzofairin, wani sinadari mai haddasa sankara da ke cikin hayaƙi, ya kai yawan da ma'aikatan masana'antar gasa kwal suke shaƙa. Uwa a ɗakinta tana shaƙar abin da lebura ke shaƙa a bakin tanderun masana'anta, ita kuma ba ta da lokacin tashi daga aiki.

Girman abin bai bayyana sosai ba sai a 2012, lokacin da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da sakamakon bibiyar mutum sama da 37,000 daga 1976 zuwa 1996. Cikin masu ƙona kwal mai hayaƙi tsawon rayuwarsu, haɗarin mutuwa da sankarar huhu kafin cika shekara 70 ya kai kashi 18 cikin 100 ga maza, kashi 20 cikin 100 ga mata. Cikin masu ƙona marar hayaƙi bai kai rabin kashi ɗaya ba. Mace ɗaya cikin biyar ke nan, a ƙauyukan da ba su da nisa da waɗanda cutar ta kusan tsallake.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta

Lissafin gawa yana nuna inda matsala take, amma ba ya nuna yadda hayaƙi ke zama ciwon daji. Wannan sai an shiga cikin ƙwayar halitta guda, ɗaya daga cikin miliyoyin da suka shimfiɗe hanyoyin iska na huhu.

Kowace ƙwaya tana ɗauke da DNA, wato rubutun gado da ke gaya mata abin da za ta yi, da lokacin da za ta rabu gida biyu, da lokacin da za ta tsaya. Haruffan rubutun huɗu ne kacal, A da C da G da T, amma jerinsu ya kai biliyan 3. Layi biyu ne a murɗe da juna kamar igiya, kuma dokar ba ta sauyawa: G yana fuskantar C, A yana fuskantar T. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafe rubutun gaba ɗaya, kowane layi ya zama abin dubawa wajen rubuta abokinsa.

Benzofairin shi kansa ba ya taɓa DNA. Abin tausayin shi ne jiki ne ke wasa masa wuƙa. Sinadari ne mai maiƙo wanda ba ya narkewa a ruwa, don haka ƙwayar takan yi ƙoƙarin sarrafa shi yadda zai narke ya fita ta fitsari. Akwai wasu furotin da aikinsu ke nan, ɗaya daga ciki ana kiransa CYP1A1. Galibin sinadarin yakan fita lafiya ta wannan hanya. Amma wani ɗan kaso yakan rikiɗe a tsakiyar aikin ya zama abin da ake kira BPDE, shi kuwa duk abin da ya samu kamawa yake yi. Idan ya isa ga DNA sai ya maƙale a jikin harafin G kamar ƙarangiya a gefen zane.

Ko a nan ba a kai ga ɓarna mai ɗorewa ba. Ƙwaya tana da masu gyara da ke bin layin suna lalube. In sun ji kumburi a wani wuri sai su yanke guntun da ya lalace, kusan haruffa 30, su sake rubuta shi daga ɗaya layin. Ana wannan aiki dare da rana a jikin kowannenmu ba tare da mun sani ba. Matsalar tana zuwa ne idan lokacin kwafi ya riski wurin kafin masu gyara su iso. Mai kwafi ya zo kan G da abu ya rufe masa fuska, bai gane shi ba, sai ya ajiye A a gabansa maimakon C. A rabuwa ta gaba, A ɗin nan zai kira T. Inda G yake a da, yanzu T ne, kuma babu sauran alamar rauni da masu gyara za su gani, domin rubutun ya zauna daram, kuskure ne kawai a cikinsa. Wanda ya yi karatun allo ya san ɗigo guda ke raba ba da nun. In mai kwafi ya ɗora ɗigon a sama maimakon ƙasa, duk wanda ya kwafa daga gare shi haka zai rubuta. Haka 'ya'yan wannan ƙwaya da jikokinta za su gaji T.

Mafi yawan irin waɗannan kurakurai suna faɗawa ne a wuraren da ba su da tasiri. Amma akwai babobi a cikin rubutun da kuskure a cikinsu yake da tsada. Ɗaya shi ne KRAS, wanda ke aiki kamar makunnin da ke ce wa ƙwaya ta rabu. Sauyin harafi ɗaya a gurbi na 12 na wannan babi yakan sa makunnin ya maƙale a kunne. Ɗayan shi ne TP53, mai samar da furotin p53, wanda shi ne mai gadi: in DNA ya lalace yakan dakatar da rabuwa har a gyara, in kuma abin ya fi ƙarfin gyara sai ya umarci ƙwayar ta mutu. Ƙwayar da makunninta ya maƙale kuma mai gadinta ya makance ta kama hanyar zama ƙari.

A 1996 Mikhail Denissenko da Gerd Pfeifer da abokan aikinsu a Amurka suka zuba BPDE a kan ƙwayoyin hanyar iska na ɗan Adam, suka duba inda ya fi maƙalewa a babin TP53. Sai ga shi a gurbi na 157 da 248 da 273, daidai wuraren da aka fi samun sauyi a sankarar huhun mashaya taba. Wannan aiki ne ya ɗaure sinadari guda na hayaƙin taba da rauni takamaimai a jikin DNA.

Yanzu a koma Xuanwei. A 2001 David DeMarini da tawagarsa suka karanta waɗannan babobi biyu a ƙari 24 da aka ciro daga huhun matan gundumar, waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Kashi 71 cikin 100 suna da sauyi a TP53, kashi 29 a KRAS. Kusan uku cikin huɗu na sauye-sauyen TP53 daga G zuwa T ne. A wasu wurare na duniya, macen da ba ta shan taba in ta kamu da wannan cuta da wuya a samu KRAS ɗinta ya sauya, kuma sauyin G zuwa T ba shi ne ke rinjaye ba. Ƙarin matan Xuanwei ya fi kama da na mashayin taba.

Akwai wani ɗan bayani a cikin aikin da nake ganin ya fi sauran ƙarfin hujja. Daga cikin layuka biyun DNA, ɗaya ne ake karantawa idan ana son amfani da babi, kuma shi masu gyara suka fi kula da shi, domin duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe nan take ake kiran su. Ɗaya layin sai an waiwaye shi. To idan da gaske wani abu mai kauri ne ke maƙalewa a jikin G, ya kamata kurakuran su taru a layin da ba a karantawa. A ƙarin matan Xuanwei, duk haruffan G da suka koma T a TP53 a wannan layin suke.

Kafin tari, kafin ciwo

Duk wannan an gani ne a jikin ƙari da ya riga ya girma. Tambayar da ta fi damuna ita ce yaushe abin yake farawa, kuma amsarta ta fito daga kaki.

Phouthone Keohavong da abokan aikinsa sun karɓi kakin mutum 92 a Xuanwei, waɗanda babu wata alamar sankara a jikinsu. Suka shimfiɗa shi a gilashi, suka zaɓo ƙwayoyin da in likita ya duba su a madubin awo zai ce lafiyarsu ƙalau, suka tsince su da hasken leza, suka karanta DNA ɗinsu. Sakamakon ya fito a 2005: mutum 15 suna ɗauke da sauyi a TP53 ko KRAS. Kusan mutum ɗaya cikin shida ke nan. Suna noma, suna girki, suna cin kasuwa, hoton ƙirji ba zai nuna komai ba, amma kuskuren farko ya riga ya zauna.

Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da yadda cutar ke tasowa. Hayaƙi ba ya zaɓar wuri ɗaya, huhun gaba ɗaya yake wankewa, saboda haka raunin a warwatse yake kamar gonar da ƙanƙara ta faɗa wa. Nan wata ƙwaya ta rasa guntun kuromosom na 3, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, can wata an toshe mata babin p16 da ke taka wa rabuwa birki, can kuma wata TP53 ɗinta ya sauya. Kowace tana haifar 'yan tsirarun irinta. Nau'in da ya fi kama matan Xuanwei, adinokasinoma, yana farawa ne can ƙurya, a ƙananan jakunkunan iska. Da fari ɗan taro ne na ƙwayoyi masu baƙuwar siffa da bai wuce milimita 5 ba. Daga nan su bazu a bangon jakunkunan ba tare da sun huda shi ba. Sai wani kuskuren ya hau kan na baya, wani ya sake hawa, har ranar da suka keta bango suka shiga nama. Tafiyar takan ɗauki shekaru gommai. Kuma tsokar huhu ba ta da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa ƙari yakan yi nisa kafin mai shi ya ji wani abu.

Ba duk mai kuskuren farko ne ke kaiwa ƙarshen hanya ba. Mace huɗu cikin biyar a ƙauyukan kwal mai hayaƙi ba wannan cuta ce ajalinsu ba, kuma an gano wani ɓangare na dalili. Akwai babin gado mai suna GSTM1 da ke samar da furotin mai kama irin su BPDE ya kashe musu kaifi kafin su isa DNA. Mutane da yawa a duniya ana haifarsu babu shi kwata-kwata, kuma suna rayuwa lafiya muddin ba su haɗu da hayaƙi mai yawa ba. A 2000 Lan Qing da tawagarta suka nuna cewa a Xuanwei rashinsa yana ninka haɗarin fiye da sau biyu.

Shi ma kwal ɗin ba duka ya zama ɗaya ba. Ko a cikin mai hayaƙin, haɗarin ya bambanta ƙwarai daga rami zuwa rami. Masana duwatsu, cikinsu da David Large da Tian Linwei, sun nuna a 2009 cewa shimfiɗar kwal da ƙauyukan da cutar ta fi addaba suke haƙa ta samu ne kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce, kuma cike take da garin silika, wato sinadarin yashi, mai laushin gaske. Silika ba ta sauya harafi kamar yadda BPDE ke yi. Tana zama ne a huhu ta hana shi sakat, ƙwayoyin garkuwar jiki su yi ta yaƙi da abin da ba za su iya narkarwa ba, wurin ya kasance kullum cikin kumburi. Binciken da tawagar Charles Swanton ta Landan ta buga a 2023 ya nuna muhimmancin irin wannan kumburi. Sun samu sauyi a EGFR, wani babin da shi ma ke sa ƙwaya ta rabu, a kashi 18 cikin 100 na samfurin huhu masu lafiya, sun kuma nuna a jikin ɓeraye cewa ƙurar iska mai laushi tana sa ƙwayoyin garkuwa su fitar da wani sinadarin kumburi da ke tayar da waɗannan ƙwayoyi daga barci su fara yaɗuwa. Ba a Xuanwei aka yi wannan aiki ba, amma ni ina ganin ya haska ta: hayaƙi ɗaya yana ɗauke da mai shuka kuskuren da kuma mai yi masa ban ruwa. Binciken da aka yi daga baya a gundumar ma ya karkata ga cewa wani ɗan uwan benzofairin, mai suna 5-metilkiraisin, ya fi shi bin sawun cutar. Ba a rufe wannan muhawara ba, amma duk waɗanda ake zargi daga murhu ɗaya suke fitowa.

Bututu

Daga shekarun 1970 gidaje da yawa a Xuanwei suka fara barin ramin tsakar ɗaki, suka gina murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufi. Kwal ɗin bai sauya ba, abincin bai sauya ba. Awo ya nuna ƙazantar iskar ɗaki ta ragu zuwa ƙasa da kashi 35 cikin 100 na yadda take a da.

Lan Qing da abokan aikinta sun bibiyi manoma 21,232, waɗanda aka haifa tsakanin 1917 da 1951 a gidajen da ke ƙona kwal mai hayaƙi, daga 1976 zuwa 1992. Sakamakon da suka buga a 2002 ya nuna waɗanda suka koma murhu mai bututu haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 41 cikin 100 ga maza, kashi 46 ga mata. Sai dai ragin bai fito ƙarara ba sai bayan kimanin shekara 10 da sauya murhun.

Wannan jinkiri shi ne abin da DNA ya riga ya faɗa. Bututu ba ya goge T ya mayar da G. Wadda ƙwayoyinta suka riga suka tara kurakurai huɗu ko biyar tafiyarta ta yi nisa. Wanda bututun ya cece shi shi ne mai kuskure ɗaya ko biyu, da aka hana na gaba hawa a kansu. Akwai kuma wani abin ƙarfafa gwiwa da aka gani a wani wurin. A 2020 masana a Ingila da Japan suka karanta DNA na ƙwayoyin hanyar iska ɗaya bayan ɗaya daga mutum 16. Taba tana ƙara wa kowace ƙwaya kurakurai daga 1,000 zuwa 10,000. Amma a jikin waɗanda suka daina sha an samu ƙwayoyi masu kusan tsabtar na wanda bai taɓa sha ba, kuma yawansu ya ninka na masu ci gaba da sha sau huɗu. Wato akwai waɗanda suka tsira a ɓoye, in hayaƙi ya ɗauke sai su fito su sake shimfiɗe hanyar.

Duk da haka Xuanwei ba ta rabu da cutar ba. Har a wannan ƙarni tana cikin wuraren da sankarar huhu ta fi kisa a Sin. Hayaƙin da bututu ya fitar yana sauka a kan ƙauyen da ke cikin kwari, kuma tsofaffin yau a bakin ramin wuta suka yi rarrafe. Binciken da ya bi tarihin rayuwar mutum sama da 42,000 ya nuna cewa hayaƙin da aka shaƙa kafin shekara 18 yana da nauyi na musamman a kan abin da zai faru bayan shekaru masu yawa.

A 2006 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya hayaƙin kwal na cikin gida a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam, kuma aikin Xuanwei na cikin manyan hujjojinta. Hayaƙin itace ta sanya shi a rukuni na biye, na waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Wajibi ne a riƙe wannan bambanci, domin itacenmu da karanmu ba kwal ɗin Xuanwei ba ne, kuma a can ma masu ƙona itace ba su ga irin wannan annoba ba. Amma hayaƙin itace shi ma yana ɗauke da benzofairin, kuma ƙwayar huhu ba ta tambayar daga wace wuta ya taso kafin ta mayar da shi BPDE.

Shi ya sa in na karanta labarin matan nan, madafarmu nake gani: ɗan ɗakin da ake komawa da damina ko da hunturu, ba taga, ɗanyen itace yana ta turnuƙu, ido na hawaye. A wurinmu macen da ta haura hamsin tana tari wata da watanni, tana ramewa, tarin fuka ake fara zato, kuma da dalili, domin shi ya fi yawa. Amma in an sha maganin wata shida babu sauƙi, ko gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba tun farko, bai kamata a sallame ta don kawai ta ce ba ta taɓa shan taba ba. A tambaye ta da me take girki, a ina, tun tana shekara nawa. A tambayi kuma wa ke goye a bayanta lokacin da take sunkuye tana hura wutar.